Amsoshin Wasiƙunku: Tsakanin Gidauniya da Kamfaninta, Wa Ke Riƙe da Akala?

Da yawa daga cikin wasiƙun da suka shigo wannan fili a 'yan makonnin nan sun taru ne a kan magana guda, wato yadda ƙungiyar da aka kafa domin amfanin al'umma take mallakar kamfanin fasaha mai neman riba, da kuma ko wannan mallaka tana da wani tasiri na gaske. Na zaɓi huɗu daga cikinsu, na taƙaita lafazinsu ba tare da na taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Malam, ina yawan ji a labarai cewa wata ƙungiya da ba ta neman riba ce ke iko da kamfanin da ya ƙirƙiro ChatGPT, alhali kamfanin yana karɓar kuɗi a hannun masu amfani da manhajar, masu zuba jari kuma suna antaya masa biliyoyin daloli. Ta yaya wanda ya ce ba ya neman riba zai mallaki mai neman riba? Ashe wannan ba yaudara ba ce? Daga wani mai karatu.

AMSA: Ɗan'uwa, lafazin nan na "ba ta neman riba" shi ne ke kawo ruɗani. A dokokin Amurka, inda mafi yawan waɗannan kamfanoni suke da rajista, ba a hana ƙungiyar taimakon al'umma samun rarar kuɗi ba, ba a kuma hana ta mallakar gine-gine ko hannun jari ba. Abin da aka haramta mata shi ne ta raba wannan rara ga waɗanda suka kafa ta ko shugabanninta, kamar yadda kamfani ke raba riba ga masu hannun jarinsa. Duk abin da ya shigo hannunta ya zama amana, kuma wajibi ne a kashe shi a kan manufar da aka rubuta ranar da aka yi mata rajista. Saboda wannan alkawari ne ake ɗauke mata haraji a ƙarƙashin sashe na 501(c)(3) na dokar harajin ƙasar, ake kuma tilasta mata ta riƙa bayyana wa jama'a kuɗin shigarta da albashin manyan jami'anta duk shekara.

To, idan irin wannan gidauniya ta tsinci kanta da wata haja da kasuwa ke so, sai ta shiga tsaka mai wuya, domin kasuwancin da bai shafi manufarta kai tsaye ba dole ne ta biya masa haraji, idan kuwa ya yi yawa har ya rinjayi aikin taimakon, tana iya rasa rangwamen harajin baki ɗaya. Mafita ita ce ta kafa kamfani na daban, ta riƙe hannun jarinsa, kamfanin ya yi ciniki ya biya harajinsa kamar kowa, abin da ya rage kuma ya koma ga manufar. Haka gidauniyar Mozilla, wadda aka kafa a 2003, ta yi a 2005 lokacin da manhajarta ta shiga intanet, Firefox, ta fara kawo kuɗi masu kauri daga kamfanonin binciken intanet. Ita kaɗai ce ke da kamfanin Mozilla, babu wani mai hannun jari a waje da zai zo yana neman kasonsa. Gidauniyar da ke kula da Wikipedia ma ta kafa nata reshen kasuwanci a 2021 domin sayar wa manyan kamfanoni hanyar ɗibar bayanai cikin sauri.

Lamarin OpenAI, wato ƙungiyar da ta ƙirƙiro ChatGPT, ya sha bamban da waɗannan, kuma a nan ne shakkunka ke da gurbi. An kafa ta a Disambar 2015 a matsayin ƙungiyar bincike da ba ta neman riba, da manufar ganin ƙirƙirarriyar basira ta amfani ɗaukacin 'yan Adam, Sam Altman da Elon Musk da Greg Brockman da Ilya Sutskever suna cikin waɗanda suka kafa ta. Bayan 'yan shekaru sai suka ga gudummawa ba za ta iya sayen ɗimbin na'urorin da aikin ke buƙata ba. A 2019 suka kafa reshe mai neman riba, suka ce ribar masu zuba jari na farko ba za ta wuce ninki 100 na abin da suka zuba ba, abin da ya haura haka na gidauniya ne, kuma a shekarar Microsoft ta zuba dala biliyan 1. Ka ga ke nan a wannan karon an shigo da baƙi cikin gida, mutanen da suka kawo dukiyarsu suna jiran ta haihu. Tsarin halattacce ne a doka, kuma ban kira shi yaudara ba, amma daga ranar da aka karɓi kuɗin waje, gidauniyar ta samu abokan zama waɗanda bukatarsu ba lallai ta dace da tata ba.

TAMBAYA: Ni ɗalibar shari'a ce. Na karanta cewa a 2023 kwamitin amintattun OpenAI ya kori shugaban kamfanin, amma cikin 'yan kwanaki ya dawo, waɗanda suka kore shi kuma su ne suka tafi. Idan doka ta ba su ikon korarsa, me ya sa hukuncinsu bai zauna ba? Daga wata mai karatu.

AMSA: Malama, wannan ita ce tambayar da ta fi damuna a cikin maganar baki ɗaya, don haka ki yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

A takarda babu wata tantama game da ikonsu. Kwamitin gidauniya shi ne ke da ta cewa a kan reshen kasuwancin, biyayyarsa ga manufar ƙungiya take, ba ga masu zuba jari ba, kuma Microsoft, duk da biliyoyin da ta zuba, ba ta da kujera ko ɗaya a cikinsa a lokacin. Har ma kamfanin ya rubuta wa masu zuba jari gargaɗi ƙarara cewa zai fi musu alheri su ɗauki kuɗin da suke zubawa tamkar gudummawa. Da wannan iko ne, ranar Juma'a 17 ga Nuwamban 2023, mambobi huɗu, wato Ilya Sutskever da Adam D'Angelo da Helen Toner da Tasha McCauley, suka tsige shugaban kamfanin, Sam Altman. Ta kiran bidiyo aka sanar da shi yana birnin Las Vegas, sannan aka fitar da wata gajeriyar sanarwa da ke cewa ba ya fayyace wa kwamitin gaskiya a kowane lokaci. Ba su kawo misali ko ɗaya ba, ba su kuma sanar da Microsoft ba sai dab da fitar sanarwar.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin. Cikin kwana uku kamfanin ya ga shugabannin riƙon ƙwarya biyu, Mira Murati sannan Emmett Shear. Shugaban Microsoft, Satya Nadella, ya sanar cewa zai ɗauki Altman da Brockman aiki, ƙofa kuma a buɗe take ga duk wanda ke son bin su. Ranar Litinin sai ga wasiƙa ɗauke da sa hannun ma'aikata fiye da 700 daga cikin kimanin 770, suna cewa ko dai kwamitin ya sauka a mayar da Altman, ko su tattara su koma Microsoft. Cikin masu sa hannun har da Sutskever kansa, wanda ya fito fili ya ce ya yi nadamar rawar da ya taka. Kafin a cika kwana biyar an cimma yarjejeniyar dawowar Altman, aka kafa sabon kwamiti ƙarƙashin Bret Taylor, D'Angelo ne kaɗai ya tsira da kujerarsa daga cikin huɗun.

Ki lura da abin da kwamitin yake da shi da abin da ba shi da shi a waɗannan kwanaki. Yana da takardar rajista da ikon sa hannu. Na'urorin da ake horar da manhajar a kansu a cibiyoyin Microsoft suke. Ilimin aikin yana cikin kawunan ma'aikata, su kuwa ma'aikatan wani babban ɓangare na ladansu yana cikin hannun jarin kamfanin, kuma a daidai lokacin ana shirin ba su damar sayar da wani kaso bisa ƙiyasin darajar kamfani ta kimanin dala biliyan 86. Ban ce kuɗi kaɗai ne ya sa suka sa hannu ba, domin da yawansu sun ji haushin yadda aka yanke hukunci mai girma haka ba tare da an yi musu bayani ba, kuma suna da gaskiya a wannan. Amma idan aka haɗa biyun, sai kwamitin ya wayi gari da zaɓi guda: ya ja da baya, ko ya riƙe kamfanin da babu kowa a cikinsa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Akwai kuskuren da ya rataya a wuyan kwamitin. Ikon da ba a saba amfani da shi ba, ba a kuma shirya wa ranar amfani da shi ba, yakan ci amanar mai shi. Mambobin sun ragu a cikin shekarar saboda wasu sun sauka ba a cike gurabensu ba, ba su tanadi magajin da ma'aikata za su amince da shi ba, ba su kuma shirya hujjar da za su gabatar wa duniya ba. Binciken da wani kamfanin lauyoyi ya gudanar, wanda aka bayyana sakamakonsa a Maris 2024, ya ce kwamitin yana da hurumin yin abin da ya yi, sai dai halin Altman bai kai ga wajabta tsige shi ba, daga nan kuma ya koma kujerarsa a kwamitin. Toner da McCauley daga baya sun rubuta cewa sun gamsu kamfanoni irin waɗannan ba za su iya tsare kansu daga matsin neman riba ba, dole sai hukuma ta sa ido. Ko da mutum bai yarda da korar da suka yi ba, ina ganin wannan magana tasu ta cancanci a saurare ta, domin su ne suka ja linzamin da hannunsu suka ga abin da ya faru.

A matsayinki na mai karatun shari'a, abin da nake so ki riƙe shi ne, duk lokacin da aka ce miki gidauniya ce ke iko da kamfani, ki tambayi abin da zai faru ranar da ta ce a'a ga abin da shugaban kamfani da masu kuɗi da ma'aikata suke so. Idan amsar ita ce kamfanin zai watse ko kwamitin ya sauka, to ikon na jeka-na-yi-ka ne.

TAMBAYA: Malam, shin akwai inda wannan tsari ya yi aiki kuwa, ko duk labarin ɗaya ne? Daga wani mai karatu.

AMSA: Akwai, ɗan'uwa, kuma tsarin ya girmi intanet nesa ba kusa ba. A Jamus, masanin kimiyya Ernst Abbe ya kafa gidauniyar Carl Zeiss a 1889 a birnin Jena, kuma har yau ita kaɗai ce ke mallakar kamfanin Zeiss, wanda madubansa ke cikin na'urorin da ake ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta mafi inganci da su. Ƙa'idar gidauniyar ta hana sayar da hannun jarin uwar kamfanin. A Bosch kuwa an raba abin gida biyu da gangan: gidauniyar Robert Bosch tana riƙe da kimanin kashi 94 cikin 100 na hannun jari, tana karɓar riba tana kashewa a kan lafiya da ilimi da bincike, amma ba ta da ƙuri'a, domin an miƙa ƙuri'un ga wata majalisar amintattu ta daban da ta ƙunshi masana harkar masana'antu. A Indiya, gidauniyoyin Tata suna da kusan kashi 66 cikin 100 na kamfanin Tata Sons, wanda shi ne uban babban kamfanin manhaja na TCS.

Abin da ya taimaki irin su Zeiss da Bosch shi ne sun daɗe suna ciyar da kansu daga cinikinsu, ba sa buƙatar miƙa ƙoƙon bara ga masu jari duk bayan 'yan watanni. Gidauniyar da kamfaninta ke riƙe da kansa tana iya yin haƙuri, ta ƙi abin da ba ta so. Wadda kamfaninta ke cin biliyoyi kafin ya kawo riba ba ta da wannan sararin.

Mozilla tana tsakiya, kuma labarinta yana ba ni tausayi domin mutane ne da suka riƙe manufarsu da gaske. Babu mai hannun jarin da ke matsa musu, amma mafi yawan kuɗin shigarsu daga Google yake fitowa, a matsayin ladan sanya injin bincikensa ya zama na farko a Firefox, alhali Google ɗin ne ke da Chrome, babban abokin hamayyarsu. Da wata kotun tarayya a Amurka ta yanke hukunci a Agustan 2024 cewa Google ya yi babakere a harkar binciken intanet ba bisa ƙa'ida ba, aka fara tunanin hana shi biyan irin waɗannan kuɗaɗe, sai ga Mozilla, mai rajin buɗaɗɗiyar intanet, tana gargaɗin cewa hanin zai iya durƙusar da Firefox. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gidauniyar Signal, mai manhajar aika saƙonni, kuma ta fara ne a 2018 da dala miliyan 50 daga Brian Acton, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa WhatsApp, tana tafiyar da manhajarta ta wani reshe da ta mallaka, ta kuma dogara da gudummawar jama'a maimakon talla. A Birtaniya, gidauniyar Raspberry Pi ta bi wata hanyar, ta kai kamfaninta kasuwar hannun jari ta Landan a Yunin 2024, ta rage kasonta domin ta samu dukiyar da za ta ci gaba da koyar da yara ilimin kwamfuta.

TAMBAYA: An ce OpenAI ta sake fasali a 2025 kuma har yanzu gidauniya ce ke iko. Mene ne ya canza? Sannan idan gidauniya ba ta da masu hannun jari, wa ke tuhumarta idan ta saki hanya? Daga wani malamin makaranta.

AMSA: Malam, bari in fara da ta biyun, domin ita ce mabuɗin ta farko. Tunda gidauniya ba ta da mai ita, doka a Amurka ta ɗora wa babban lauyan gwamnatin jiha alhakin kare dukiyar da aka keɓe domin al'umma. Wannan iko ya taɓa yin aiki a fili. A shekarun 1990, lokacin da kamfanin inshorar lafiya na Blue Cross a jihar Kalifoniya ya so komawa mai neman riba, hukumomin jihar sun matsa har sai da aka ware dukiyar da ta haura dala biliyan 3 aka kafa gidauniyoyin lafiya biyu da ita. A 2020 ma, da aka so sayar da ƙungiyar da ke kula da adireshin intanet na .org ga wani kamfanin jari a kan fiye da dala biliyan 1, babban lauyan Kalifoniya ya rubuta wasiƙar adawa, hukumar ICANN mai kula da tsarin adireshin intanet kuma ta ƙi amincewa da cinikin.

A ƙarshen 2024 OpenAI ta bayyana shirin sake fasalin da mutane da yawa suka fahimta a matsayin zare hannun gidauniya daga iko. Matsin kuɗi a bayyane yake, domin a zagayen tara jari na dala biliyan 40 da kamfanin SoftBank na Japan ya jagoranta a 2025, an gindaya cewa wani babban kaso ba zai fito ba sai an sake fasalin. Tsofaffin ma'aikata da malaman shari'a da ƙungiyoyin farar hula suka yi ca. Elon Musk, wanda ya riga ya shigar da ƙara a 2024, ya jagoranci tayin dala biliyan 97.4 a Fabrairun 2025 domin sayen kadarorin gidauniyar, kwamitin ya yi watsi da shi. Adalci ne a tuna cewa Musk yana da nasa kamfanin ƙirƙirarriyar basira da ke gogayya da OpenAI, don haka ba ɗan ba-ruwanmu ba ne. A Mayun 2025 kamfanin ya ja da baya ya ce gidauniya za ta ci gaba da riƙe iko, bayan tattaunawa da manyan lauyoyin jihohin Delaware da Kalifoniya.

Ranar 28 ga Oktoban 2025 aka kammala. Reshen kasuwancin ya zama irin kamfanin da dokar Delaware ta ba wa damar neman riba tare da la'akari da amfanin jama'a. An cire iyakar ribar nan ta ninki 100, kowa ya koma riƙe hannun jari na yau da kullum. Gidauniyar ta samu kimanin kashi 26 cikin 100, wanda aka ƙiyasta darajarsa a kan dala biliyan 130, Microsoft ta samu kimanin kashi 27, sauran kuma na ma'aikata da wasu masu jari ne. Gidauniyar ce ke naɗa daraktocin kamfanin, tana kuma iya sauke su. Manyan lauyoyin biyu, Kathy Jennings da Rob Bonta, sun janye adawarsu ne bayan an ba su alkawura a rubuce, ciki har da cewa kwamitin tsaro da kariya zai zauna a ƙarƙashin gidauniya, da ikon neman a dakatar da fitar da sabuwar manhaja idan ya ga haɗari.

Waɗannan alkawura ba ƙaramin abu ba ne, kuma da jama'a ba su ɗaga murya ba da wuya a same su. Sai dai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kusan mutane ɗaya ne ke zaune a kwamitin gidauniya da na kamfani, har da Altman kansa. Mutum zai zauna da safe yana lissafin yadda kamfani zai cika alkawarin da ya yi wa masu jari, da yamma kuma ya sauya kujera ya binciki kansa a madadin 'yan Adam. Bugu da ƙari, dukiyar gidauniyar yanzu tana hawa da sauka ne tare da darajar kamfanin, ta yadda duk hukuncin da zai rage wa kamfani gudu zai rage wa gidauniyar abin da za ta kashe a kan ayyukanta, ciki har da dala biliyan 25 da ta yi alkawarin zubawa a harkar lafiya da kare jama'a daga illolin fasahar. An ɗaure mai tsaro da abin da yake tsaro da igiya ɗaya.

Idan kana son ka bi diddigin lamarin, Malam, ka sa ido a kan ko za a ƙara wa gidauniyar mambobin da ba su da kujera ko hannun jari a kamfanin, ko za a ba ta ma'aikata da masana nata na kanta waɗanda ba a aro daga kamfanin ba, da kuma ko kwamitin tsaron zai taɓa jinkirta wata manhaja a lokacin da abokan hamayya ke gaba, a kuma sanar da jama'a dalili. Rahoton da gidauniyar ke miƙa wa hukumar haraji duk shekara a buɗe yake ga kowa, kuma a cikinsa za ka ga sunayen mambobin kwamitin da abin da aka kashe.